Rubutun Dakta Ndaceko a Bakin Kasko

Da safe a Maitumbi, ina jiran Keke Napep, wani mutum ya dubi takardar da aka naɗe masa ƙosai a ciki, ya tsaya cak.

"Mama, wannan ai rubutun hannun malamina ne, marigayi Dakta Ndaceko!"

"Ci ƙosanka, ɗana," in ji mai ƙosan.

"Kin san mene ne? Lissafin sararin da ke hawa-hawa ne kamar albasa. Shekara goma sha ɗaya yana binciken yaushe tazarar hawa biyu ba ta canzawa duk inda aka auna. Ga mai ya cinye hujjar! Haka muke a ƙasar nan. Wane marar imani ya sayar miki?"

"Ba saya na yi ba, Dakta mijina ne. Buhu uku na takardu ya bari, shekara biyu ina kare su daga gara. Ɗalibansa bakwai na aika wa su zo su kwashe. Ɗaya ne ya amsa, wani Abdulbasit, wai sai bayan Sallah."

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Mama."

Ta juya ƙosai a kasko, ba ta dube shi ba.

"Saura rabin buhu."