Sabulun da Ta Yi Jifa da Shi

A ɗakin jiran masu ziyara na gidan yarin mata, wata dattijuwa ta juya wajen matashiyar da ke gefenta.

"Ni kam 'yata ta fi ƙarfina. Wancan zuwan na kawo mata sabulu, ta yi jifa da shi, jikinta na ta rawa."

"Mama, wane irin sabulu?"

"Mai tsada fa! Irin wanda mijinta ke wanka da shi."

"Mijin yana dukanta?"

"Ke! Wa ya gaya miki? Har da wayar wuta."

"To ba sabulu ta shaƙa ba, shi ta shaƙa. Haka ƙanwata da ke tsare a nan take firgita a da in an buga ƙofa. Akwai likitar da ke zuwa tana zama da su, tana sauraronsu. Yanzu ƙanwar tawa tana barci, har tsiya take min. Ki roƙa a haɗa 'yarki da likitar."

"Ashe ciwo ne, nake ta yi mata faɗa?"

"Ciwo ne, kuma ana samun sauƙi. Me ke cikin ledar?"

"Shi ɗin ne dai na sake sayowa."

"Miƙo shi nan. Ungo nawa, ba ya ƙanshin kowa."