Ina Laimar Ƙanena?

Mai girma magajin gari, shugaban wannan taro, Kanar Ashcombe da hafsoshin da suka rako shi daga Landan, limamin cocinmu, iyayenmu mata, jama'ar gari, manya da yara, ina gaishe ku.

Na gode da kuka haɗa ƙarfi kuka saya wa sojan sama wannan jirgin yaƙi, har kuka rubuta sunan garinmu a jikinsa. An ce ni, Ambrose, in yi godiya, tunda na tuƙa irinsa a Faransa har na baro yatsu uku a can. An kuma ja mini kunne in taƙaita. Jan kunnen nan ne bai kwanta mini ba, domin ruwa ba ya tsami banza.

Na farko, ku matso ku ƙwanƙwasa jirgin. Katako ne da ƙyalle da waya, ga tankin mai manne da bayan matuƙi. Harsashi ɗaya ya isa ya mai da shi murhu.

Na biyu, a kan idona jirgin abokina Lionel ya kama wuta a sama. Ya miƙe tsaye, ya dube ni, ya diro, ba laimar saukowa daga sama a bayansa. Har yau abin yana ci mini rai.

Alhali laimar akwai ta, don masu leƙen abokan gaba daga cikin manyan balan-balan da ake tayarwa sama, kowa da tasa. Na tambayi wani babban hafsa dalili, ya ce, "Nauyi gare ta, yaro."

Na ce, "Yallabai, ta fi gawa nauyi?"

Ya yi dariya ya ce, "In mun ba ku, da kun ji ƙauri sai ku dire ku bar mana jirgi."

Ashe tsoro ake zarginmu da shi! To mu ma muna da namu zargin: tsakanin jirgi da yaro, asarar wanne ake ji?

Ga ƙanena Cuthbert can cikin sabon kaki, shi aka zaɓa ya tuƙa wannan jirgi, yana ta hararata. Harare ni, auta, gara harararka da hotonka a bango. Kanar, tun ɗazu kake duban agogo. Uwarmu ce zaune a gabanka. Ka miƙe ka gaya mata da bakinka ko ɗanta zai tashi da laima. In ka yi shiru, mun ji amsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka faɗo, ya sauko mana da na sama lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.