Akwatin Salmanu da Mazarin Inna Hansai

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai. Mai girma shugaban taro, mai girma wakilin Hakimi, dagatai da masu unguwanni, limamanmu da malamanmu, Ardo da jama'arsa da suka taso tun daga Tsaskiya ta ƙasar Safana, iyayenmu mata da ke zaune can inuwar itacen bedi, manoman Darini, 'yan kasuwar Batsari, yara manyan gobe, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga waɗanda suka share filin nan suka shimfiɗa tabarmi, ina kuma godiya ga shugaban taro da ya ce ni, Abdulgaffar, tsohon hedimasta, in yi jawabin sallama ga ɗanmu Salmanu. Kamar yadda kuka ji, wani kamfani mai harhaɗa rediyo da talabijin a Ikko ya ga akwatin wasan da Salmanu ya ƙera a makarantar koyon sana'a, ya kira shi aiki. Mota tana tasha tana jira. Amma Salmanu ya ce ba zai sa ƙafa cikinta ba sai mahaifinsa, Daudu, ya sa masa albarka, Daudu kuwa har yanzu bai sa masa ba. Abin da kawai aka ji daga bakinsa shi ne: "Duk karatun nan, ashe wasa aka koyo?"

Na san akwai masu mamakin yadda zan kama sunan dattijo a bainar jama'a. Ku kwantar da hankalinku. Daudu ɗan kawuna ne, taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, kuma al'ada ta ba ni izinin in faɗa masa abin da Ardo ma ba zai faɗa ba. Da wannan izini zan yi magana kan wasa, da dalilin da ya sa wani maƙerin wasa yakan yi kasuwa alhali abokan gasarsa suna hamma.

Bara na je baje kolin Kaduna. A can na ga rumfunan kamfanonin ƙasashen waje jere, kowanne da na'urarsa da ake haɗawa da talabijin a yi wasa. Wata tana walƙiya, wata tana ƙara kamar injin niƙa, wata maɓallanta sun fi haƙoran bakina yawa. Amma rumfa ɗaya ce mutane suka yi wa cincirindo, kuma na'urarta ba ta fi sauran kyau ba, ba ta fi su girma ba. Na tsaya ina kallo har ƙafata ta yi tsami, ina tambayar kaina me wannan mai sana'a ya gane da sauran ba su gane ba.

Abu na farko da na lura, na'urarsa ba ta tambayar mutum ko ya yi boko. Na ga babban ma'aikaci da kwat, na ga ɗan dako da gammonsa, kowa ya kama ya murɗa, nan take ya san abin da ake nufi. Sauran kuwa sai an tsaya an yi maka bayani, kai kuma kana ta gyaɗa kai don kada a ce ba ka waye ba. Jama'a, ba mai son ya sayi abin da zai kunyata shi a gidansa.

Na biyu, tana da mariƙi biyu. Wanda ya ƙera ta ya san ba akwati yake sayarwa ba, zaman tare yake sayarwa. Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: wanda ya haƙa gurbin dara a ƙasa ba ya haƙa don kansa shi kaɗai, yana haƙawa ne yana ɗaga kai ya ga wa zai zo.

Na uku, kuma nan ne wasu kamfanonin suka yi sake, wanda aka cinye ba ya tashi da haushi. Yana tashi ne yana cewa a sake, saura kaɗan. Cin wasa kowa yana iya sayar da daɗinsa, amma mai iya sa wanda ya faɗi ya yi dariya, shi ne kasuwa take bi.

Na huɗu ban gane shi a Kaduna ba. A Tsaskiya na gane shi, a gidan Daudu, kuma shi ne ya sa na yarda in tsaya gabanku yau.

Kun san Inna Hansai, mahaifiyar Daudu, matar kawuna marigayi. Kun san bakinta, kun san tsokanarta, kun san cewa a da ba a wucewa ƙofar ɗakinta ba a sha dariya ba. Tun da kawu ya rasu ta yi shiru. Ta fita takaba, ba ta fita shirun ba. A kawo fura ta kurɓa ta ture, a gaishe ta ta ɗaga hannu, jikoki su kewaye ta ta kau da kai. Wallahi duk lokacin da na je gaishe ta sai in dawo zuciyata a jagule, domin matar nan ita ta goya ni.

Da hutu ya zo, Salmanu ya roƙe ni aron talabijin ɗina da batirin mota, muka ɗaura a babur muka tafi. Ya haɗa akwatinsa a rumfar tsakar gida. Abin ba wani abu ba ne: ɗigo fari yana kai da kawowa, sanda a dama, sanda a hagu, kowa yana tare shi. Yara suka yi ta ihu. Sai ya ɗauki mariƙi guda ya durƙusa gaban kakarsa, abokiyar wasansa, ya ce: "Amarya, ko tsoro kike ji in cinye ki?"

Ta harare shi, ta karɓa. Amma abin murɗawar ƙarami ne, mai santsi, yatsunta kuwa tsufa ya ƙage su. Ta gwada ya suɓuce, ta sake ya suɓuce, ta ajiye ta juya baya. Ni na ce shi ke nan, a naɗe kaya.

Salmanu bai ce hannun tsohuwa ne ya gaza ba. Zama ya yi yana kallon hannun. Washegari ya shiga ɗakinta ya ɗauko tsohon mazarinta na kaɗi, wanda ta yi shekaru tana murzawa tana fitar da zare, ya cire abin murɗawar nan na roba, ya dasa mazarin a gurbinsa. Ya sake durƙusawa. Yatsun da suka kasa riƙe roba, da suka ji mazari sai suka tuna aikinsu. Ta murza, sandar ta tashi, ta tare ɗigon. Ta sake murzawa, ɗigon ya wuce Salmanu. Jama'a, sai muka ji dariya, dariyar nan da muka ɗauka an binne ta tare da kawu. Ta ce: "Mijin banza, mi ka iya? Sake zubawa in ƙara maka!" A ranar ta shanye furarta tas, ta ce a ƙaro.

Wannan shi ne na huɗu, kuma shi ne uban sauran. Maƙerin da yake cin kasuwa ba ya kallon na'urarsa, hannun mai riƙewa yake kallo. In ya ga an kasa, ba ya cewa mutane ba su waye ba, sai ya koma maƙera. Ƙasar nan yanzu kuɗin man fetur ya cika ta da kayan ƙetare, jiragen ruwa suna ta sauke mana abubuwan da aka ƙera ba a taɓa ganin hannunmu ba. Muna bukatar wanda zai je can ya zauna cikinsu, wanda ya san hannun mai tatsa, ya san hannun mai kaɗi, ya san hannun mai riƙe garma.

Yanzu na dawo kanka, Daudu. Kai ka ce wasa ne, na kuwa yarda wasa ne. Amma mu duka, da kai da ni da malaman da suka yi ta addu'a, mun yi iyakar ƙoƙarinmu mu dawo da mahaifiyarka cikin mutane, Allah bai nufa ta hannunmu ba, ya nufa ta wannan wasa. Na kuma san abin da ke ɗaure maka harshe, ba fushi kaɗai ba ne. Salmanu ɗan fari ne, kai kuwa Bafillace ne na gaske: ba ka taɓa kiran sunansa ba, ba ka taɓa yaba shi a gaban mutum ba, kunya ba ta bari. Wannan kunya ado ce, ba na raina ta. Sai dai Ikko da nisa, ɗan'uwana, kuma yaro ba ya iya ɗaukar shirun uba ya tafi da shi, domin bai san ko shirun yarda ba ne ko na ƙi. Ina roƙonka don zumuncin iyayenmu, ina roƙonka don furfurar da muka yi tare, kada ka bar shi ya tsaya tsakanin tasha da gida.

To, ga Daudu ya miƙe. Ku ba shi hanya, jama'a, ku ba shi hanya. A kunne za ka faɗa mini? To, matso.

Ku saurara. Daudu ya ce in gaya wa yaron nan ya tafi, Allah shi yi masa albarka, Allah shi tsare gabansa da bayansa. Ya ce kuma in gaya masa ya bar wa tsohuwa akwatinta, in ya so ya ƙera wani a can. Ba sai na gaya masa ba, Daudu. Dube shi can ya durƙusa, ya rufe fuska da hula. Ya ji.

Ya Allah, ka kai Salmanu lafiya, ka haɗa shi da mutanen kirki, ka sa albarkar mahaifinsa ta bi shi duk inda ya sa ƙafa. Ka ƙara wa Inna Hansai lafiya, ka jiƙan kawu da dukan magabatanmu. Ka ba mu damina mai albarka, ka tsare dabbobinmu, ka zaunar da ƙasarmu lafiya, ka mai da kowa gidansa cikin aminci. Don Allah wani ya ruga tasha ya ce wa direba fasinjansa yana tafe.

Na gode.