Sunan da Iya ta hana a faɗa

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu a rediyo. Ina gaishe ka da aiki. Ni ce Ladidi daga Furana, ƙasar Ikara. Bana na gama firamare.

Akwai wata kyanwar daji mai ɗiga-ɗigan jiki da ke ɗaukar mana kaji. Kakata Iya ba ta yarda a ambaci sunanta a gida, sai dai a ce "baƙuwa". Ta ce duk wanda aka kira sunansa sai ya amsa.

Ran nan ina watsa wa kaji tsaba, ƙanwata ta tambaye ni sunan baƙuwar na gaskiya. Na ce inyawara. Iya ta ajiye faifanta ta ce, "To, 'yar boko, kin gayyato ta. Sai ki dafa mata tuwo."

Washegari muka tarar da gashin kazar Iya mai kwanci a bayan rumbu. Tun ranar ko na gai da Iya ba ta amsawa, alhali ita ta raine ni.

Na tambayi liman ma'anar sunan, ya ce ba Larabci ba ne. Inna mai kawo nono ta ce ba Fulatanci ba ne.

Don Allah, masu sauraro, mene ne ma'anarsa, kuma daga ina ya fito? Wataƙila in Iya ta ji ba kira ba ne, ta huce.

Sai yanzu na tuna, Malam, rediyon Kawu a zaurenmu yake. In ka karanta wannan, sunan ya sake shiga gida ke nan.