Mun Samu Wuri a Tsakiyar Gudron

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni malamar makaranta ce a nan Madawa.

Da can akwai ƴar hanya a bakin gudron, wato titin kwalta, an kange ta da fararen duwatsu, nan mu masu keke muke bi. Sai wani babba ya sa aka kwashe duwatsun, wai manyan motocin albasa sun cushe gari. Da muka kai kuka, ya ce mini, "Madam, keke ai ba shi da faɗi, ya bi inda ya samu."

Ran kasuwa kamiyo, ɗaya daga cikin manyan motocin nan, ya ture babana da kekensa, ƙugunsa ya karye. Yanzu a zaune yake salla.

To, mun bi shawarar babba, mun samu wuri: tsakiyar gudron, daidai gaban motarsa. Mu malamai da dukan masu keke, kowace safiya za mu raka shi har ƙofar biro ɗinsa, wato ofis, sannu-sannu, sai ran da aka maido duwatsunmu. Ya danna oda har batir ya mutu.

Masu saurare, ku ba ni shawara: yaya ake rage gudun keke ƙwarai ba a faɗi ba? Ba na son ya isa kafin azahar.