Ɗakin Takalma na Gidan Raɓa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, makiyayin da ya san inda kowace tunkiya ta ɓata, har wadda ta ɓata a ƙasar da ba ta jin yarensu. Baba Fasto, Mama, dattawa, 'yan'uwana ɗalibai, salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Rahila, 'yar Wusasa ce ni ta Zariya. Kun lura kowa yana cire takalmi a ƙasan bene kafin ya hauro nan, ni kaɗai nake shigowa da nawa a ƙafa. Na ji ana cewa girman kai ne. Ban ji haushi ba, ni ma da haka zan ce. Baba Fasto ne ya yarje mini, kuma yau zan faɗa muku dalili. Wannan ledar da na riƙo ma za mu zo kanta.

Jan takalmin nan Mama mahaifiyata ce ta sayo mini a kasuwar Sabon Gari, ana gobe zan taso. Kun san iyayenmu, ba sa sayen abu daidai jiki. Ya yi mini yawa, sai da ta cusa tsumma a ciki. Na ce, "Mama, ni fa na gama girma." Ta ce, "Ke dai sa ki tafi, za ki cika shi." Haka na sauka ƙasar nan ina jan ƙafa kamar wadda ta ari takalmin yayarta.

Karatu a Bukit Jalil, a nan Kuala Lumpur, bai karɓe ni ba. Na faɗi jarrabawa, na sake faɗi, na kasa gaya wa gida. In Mama ta kira sai in ce komai lafiya. Sujada na daina zuwa, don ba na son a tambaye ni ya makaranta. Ga mutane cike da jirgin ƙasa na LRT, amma ni kaɗai ce a garin.

Wata rana ina zaune a mamak, wato shagon shayi da abinci, a nan Sri Petaling, na daɗe a kan kofin shayi ɗaya, sai na ji daga bayana an ce, "'Yar'uwa, shayin nan ai ya huce tun ɗazu." Da Hausa! Wani saurayi ne dogo, Ɗanladi, ɗan Jos. Na kalli ƙasa na ga ba takalmi a ƙafarsa, amma fuskarsa a sake, kamar bai taɓa rubuta jarrabawa ba. Ya ce, "Akwai wani gida a bayan gari, makan, wato abinci, kyauta ne, har ki yi tapau, ki ƙunsa ki tafi da shi. Ba mai tambayarki sakamako. Zo ki gani, lah."

Kwaɗayi mabuɗin wahala. 'Yan'uwa, shinkafa ce ta kai ni.

Gidan yana can inda Kuala Lumpur ke ƙarewa, daji da tuddai su fara. Tsohon gidan katako ne a cikin gonar roba da aka daina kula da ita. Suna kiransa Rumah Embun, wato Gidan Raɓa. In gari ya yi haske kana hango dogayen benaye biyun nan daga baranda, amma ko ƙarar mota ba ka ji. Mazauna gidan ba su da yawa, duk ba takalmi, duk suna magana ƙasa-ƙasa kamar ana jinya a ɗaki.

Shugabansu wani tsohon Bature ne, Pak Embun. Gashinsa fari har baya, idonsa kamar ruwan da aka wanke shuni. Ba ya ɗaga murya. Koyarwarsa ita ce ƙasa tana magana da mutum ta tafin ƙafa, takalmi ne ya kurumtar da mu. Duk wanda ya shiga gidan don ya zauna, zai cire takalminsa, ya sa wayarsa a ciki, a kai ɗakin takalma. Wanda kuwa ya sake sawa, in ji shi, ƙasa za ta ƙi shi, ƙafarsa ta ruɓe tun yana raye.

Na yi ta zuwa cin abinci, har ran nan na cire nawa. Ba wanda ya tilasta mini. Na ji daɗi ma, kamar na sauke kaya.

Aikin da aka ba ni shi ne taya wata tsohuwa, Anti Lian, goge takalma, don kun san damshin ƙasar nan, abu kaɗan sai fumfuna. Ɗaki ne dogo marar taga, kantoci tun daga ƙasa har rufi, duk takalma. A kwanakin farko ina cikin shara sai in ji wani abu yana kuka a ƙasan kanta, zzz, zzz. Wayata ce a cikin jan takalmi. Mama ce. Ina tsaye da tsintsiya ina ji, ban taɓa ba, har cajin ya mutu. Allah ya gafarta mini.

A ɗakin nan na koyi tarihin gidan, don Anti Lian ba ta iya goge takalmi ba tare da ta faɗi mai shi ba.

A kanta ta can sama akwai wasu manyan takalman fata, na Pak Embun. Ta ce da su ya iso yana saurayi, da jita a baya, zamanin da samarin Turai suka gaji da iyayensu da yaƙe-yaƙensu suka kwararo gabas neman wata rayuwa. Ya kwana a gonar nan, ya farka raɓa ta jiƙe shi, ya ce an yi masa magana. Kusa da su akwai takalman taya da silifas na mutanen farko. Su kiɗa suka sani da wiwi, ba aure, ba nawa ba naka, kowa ɗan'uwan kowa. Takalman Pak Embun kuwa su kaɗai ne ba sa yin fumfuna a ɗakin. Mu muna cewa al'ajibi ne.

A tsakiya takalman ofis ne da masu tsini, na 'yan ƙasa da suka bar aiki lokacin da birnin ya fara cika da benaye. Na Anti Lian suna ciki, baƙaƙe 'yan ƙanana, tun tana budurwa mai buga tafireta. Ta ce a zamaninsu ne matar Pak Embun ta yi ciwo. Wata safiya ta tashi ba takalmi, ta hau tudun da ke bayan gida, ta shiga daji, ba ta dawo ba. Bai yi kuka ba. Ya tara mutane ya ce ba mutuwa ta yi ba, hawa ta yi, ta kai matsayin da raɓa kaɗai ta ishe ta abinci. Ya tsinke tsirkiyar jitarsa, ya ɗaure takalmanta da ita, ya juya su suna kallon ƙofa. Daga ranar kiɗa ya mutu a gidan, aka fara hawa.

A kantocin ƙasa takalman kambas ne, namu na ɗalibai baƙi.

Sai na fara lura. Takalman waɗanda ke gidan suna kallon bango. Amma da yawa an juya su suna kallon ƙofa, an ɗaure su da igiya. Kuma waɗanda aka ɗaure sun fi mu yawa nesa ba kusa ba.

Na ce, "Anti, masu waɗannan suna ina?"

Ta ce, "Sun hau."

"Sun taɓa saukowa?"

Ta ci gaba da goge takalmin da ke hannunta. 

Wata safiya na shiga na tarar an juya fararen kambas ɗin Ɗanladi, an ɗaure. Na same shi a baranda, ya rame, amma yana murmushi. Na ce, "Ɗanladi, kai fa kana da uwa a Jos." Ya ce, "Rahila, kar ki ɓata mini rana. An zaɓe ni." Washegari da hantsi muka jeru a bayan gida. Ba waƙa, ba addu'a. Ya bi 'yar siririyar hanyar, ba ruwa ba guzuri, ganye ya rufe bayansa. Birai ma da suka saba damunmu da ihu, ran nan shiru suka yi.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ban shafa ba. Tsoro ya riga ya ɗaure ni. In na tuna bakin titi sai in ga ƙafata tana ruɓewa. Watanni suka wuce, tafin ƙafata ya yi kaushi, ya faɗaɗa, matsattsaku suka sha jinina har na daina cire su.

Sai ran nan, da rana tsaka, hadari ya haɗo, na shiga ɗakin da tsummana. Na duba ƙasan kanta. Jan takalmina yana kallona, an juya shi wajen ƙofa. An ɗaure shi.

Ba wanda ya ce mini komai. Da safen ranar ma Pak Embun ya shafa kaina ya wuce.

 Na zube a ƙasa tsakanin takalman mutanen da ba su dawo ba. Na buɗe baki in yi addu'a, na ga na manta yadda ake yi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, ban san hanya ba. Yesu, ni ce Rahila." Na yi ta maimaitawa, ruwa yana dukan kwano. Sai na tuna labarin da aka koya mana tun muna yara, na ɗan da ya lalace a baƙuwar ƙasa ya koma gida. Ubansa bai ce ya tsaya a waje ba takalmi ba. Cewa ya yi a sa masa takalmi a ƙafa! Na ce ashe Ubana ba ya ƙyamar mai takalmi. Halleluya!

Na kwance igiyar da haƙori. Na zaro wayar, na zaro tsumman da Mama ta cusa. Na zura ƙafa ina jiran in ji ta fara ruɓewa.

Takalmin ya zauna cif. Ƙafar da ta faɗaɗa a yawon banza ta cika shi, ba saura ko kaɗan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na fashe da kuka, na ce, Mama, na cika shi.

Na ɗago na ga Anti Lian a bakin ƙofa. Na ce shi ke nan, za ta yi ihu. Ta daɗe tana kallon ƙafata. Sannan ta ce, "Ni ma na taɓa gwada nawa. Ba sa shiga kuma." Ta matsa gefe. "Pergi, lah. Tafi. Kar ki waiwaya."

Na sunkuya na ɗauki abu ɗaya daga kanta, na fita cikin ruwa.

Dole in bi ta gaban baranda, kuma Pak Embun yana zaune a can a kujerarsa. Ban kalle shi ba. Ƙarar takalmina a kan tsakuwa ta cika gidan, ƙwas, ƙwas. Na kusa kaiwa ƙofar shinge sai na ji an ce, "'Yar'uwa, ina za ki?" Da Hausa. Da irin muryar Ɗanladi, har da karin harshen Jos. Tsohon nan bai taɓa yin Hausa a gabana ba. Ko Ɗanladi ne ya koya masa, ko wani abu ne daban, ban sani ba har yau, kuma ban tsaya bincike ba. A gidanmu na Wusasa an hana mu amsa kiran da ba mu ga mai yinsa ba. Na ce, "Jinin Yesu!" Na ci gaba da tafiya.

A bakin titi wata makcik, wato dattijuwa, mai rumfar abinci ta gan ni jiƙe sharkaf. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, amma ta zaunar da ni, ta zuba mini shinkafa, ta sa mini waya a caji. Allah ya sāka mata. Da wayar ta kawo, Mama na fara kira. Ba ta yi faɗa ba. Sunana kawai take ta kira, ni ina amsawa.

Baba Fasto ne ya raka ni muka kai rahoto ga hukuma. Da aka je, gidan ya watse. Anti Lian kaɗai aka tarar zaune a ɗakin takalma da tsummanta. Yanzu tana gidan tsofaffi, na kai mata silifas mai faɗi, tana sawa in za ta fita tsakar gida. An shiga daji an nema, ba a ga Ɗanladi ba.

Amma ku ji wannan. A kantar can sama, wurin manyan takalman fata, babu komai. Mutumin da ya hana mu takalmi ya sa nasa ya tafi. Sai a lokacin na gane abin da ya hana su fumfuna: takalmin da ake sawa ba ya fumfuna. Yana nan wani wuri da takalmi a ƙafa, kuma ɗalibai masu jin yunwa da kunya ba su ƙare a garin nan ba. Ƙannena, in kun faɗi jarrabawa, ku zo nan ku faɗa. Za mu yi muku tsiya kaɗan, sannan mu ci abinci tare.

To, ga ledar. Kambas ɗin Ɗanladi ne. Su na ɗauko ran nan. Na kwance igiyar, na wanke su. Mahaifiyarsa ta ce kar in aiko mata da su, in ajiye a nan, don in ya sauko zai buƙace su.

Na gode wa Ubangiji da ya fisshe ni. Ƙafata ba ta ruɓe ba, ga ta kuna gani, ita ta hauro da ni benen nan. Wanda ya ji ni a ɗaki marar taga, yana jin abin da ke cikin daji ma. Ku dogara gare shi, ko addu'ar ta ƙare muku sai sunansa kaɗai.

Baba Fasto, ina roƙon izini in ajiye waɗannan a ƙasan bene, cikin takalman jama'a, suna kallon ciki. In kun zo cire naku ran Lahadi kuka gan su, ku ambaci sunansa. Ɗanladi ne, ɗan Jos. Amin.