Sisin da ke Jakar Merle

Ina zaɓar 'yan kunne a shagon gwanjo na coci a garin Ballarat, sai na ji wani dattijo ya tare wata mata da ke riƙe da tsofaffin jakunkunan hannu masu adon duwatsu guda uku.

"'Yata, yi haƙuri, ɗaya a cikinsu ta matata Merle ce. Na haɗa ta da kayan sadaka bisa kuskure. Tana gidan kula da tsofaffi, kullum sai ta tambaye ni jakar."

"Wacce, Baba?"

"Baƙar. A'a, farar. Tsaya, ko dai rigarta ce fara?"

"Ikon Allah! Shekara nawa da aurenku?"

"Sittin. Da jakar ta zo wurin rawar da muka haɗu."

"Kuma ba ka san launinta ba?"

"Yo ni jaka na je kallo?"

"To yaya zan yi? Jakar zuwa bikin 'yata ranar Asabar nake nema, kuma duk wadda na ɗaga sai ka ce ita ce."

"Duba ɗan aljihun ciki na ajiye madubi. Daren rawar uwarta ta cusa mata sisi na buga wayar kan titi, ko da za ta rasa mai raka ta gida. Ni na raka ta, ba a taɓa kashe shi ba."

Matar ta lalube su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, biyu ne ke da sisi."

"Biyu kuma?"

"Ashe ba kai kaɗai ne gwanin rakiya a garin nan ba. Ungo, kai mata duka biyun. Ita ba za ta ruɗe ba."